Idon Malam Illa da Injin Magariya

A Tudun Kanya, wani gari da ke ƙasar Guci, in ka ce kana neman Illa sai an tambaye ka wanne, don masu sunan sun kai biyar. Amma in ka ce Mai Madubi, ko baƙon da ya kwana ɗaya zai nuna maka ƙofar gidansa. Shekara ashirin da shida ya yi a wani ɗan ɗaki da ke bayan ɗakin shan magani na garin, wanda ma'aikata ke kira labo, yana sunkuye a kan madubin likita yana duba kakin masu tari.

Asalinsa ɗan Dungas ne, ɗan manomin gyaɗa. Ubansa ya so ya riƙe fartanya, amma yaron hannunsa ba na noma ba ne, in aka tura shi shema sai a same shi tsugune yana kallon tururuwa. Da aka gaji da dukansa aka bar shi ya bi lakwal, wato makarantar boko, daga nan ya wuce makarantar ma'aikatan lafiya a Damagaram, ya dawo da takarda da farar riga. Aka turo shi Tudun Kanya yana saurayi. A nan ya yi aure, a nan ya yi furfura.

Aikinsa kuwa ba kowa ke iya kallonsa ba, balle ya yi. Mai tari zai tofa kaki a 'yar kwalba, Malam Illa ya ɗebo kaɗan ya shafa a kan gilashi, ya gifta shi a harshen wuta, ya zuba masa jan ruwa, ya wanke, ya zuba shuɗi, ya jira ya bushe. Sannan ya sa ido. In akwai tarin fuka, sai ya ga ƙwayoyin jajaye, sirara, kamar guntayen jan zare a kan shuɗin zane. Jan ruwan nan ya rina masa yatsu har abada, shi ya sa matan garin ke tsokanarsa wai lalle yake sawa a ɓoye. Ba ya jin haushi. Hasali ma in yana magana da hannun yake nuni, don a gani.

Kuma gaskiya a faɗe ta, mutumin ya iya aikinsa. Lokaci-lokaci masu dubawa kan zo daga Damagaram su kwashi gilasansa su je su sake karantawa, ba su taɓa kama shi da kuskure ba. Mutane daga ƙauyukan Guci, har daga ƙetaren iyaka, sukan zo da amalanke su ce a kai su wajen mai idon nan. Wannan yabo shi ne abincin Malam Illa, ya fi masa tuwo.

Sai Habibu. Ɗan garin ne, ɗan farin wata mai tuyar ƙuli-ƙuli da ake kira Shatu. Ya gama kwaleji yana zaman kashe wando, Malam Illa ya jawo shi labo, ya koya masa wanke gilashi, ya koya masa rini, ya koya masa yadda ake juya madubi a hankali kamar mai zare ƙaya. Shi ya matsa masa ya yi jarrabawar makarantar lafiya, shi ya raka shi tasha. Shekara da shekaru in ana hira sai ya ce, "Yarona Habibu." Har Habibu ya gama, aka ba shi aiki a labon asibitin Magariya, Malam Illa bai daina alfahari da shi ba, don a lokacin madubi ɗaya suke leƙawa, kuma kowa ya san wa ya fi ido.

Abin ya lalace ne shekarar da aka kawo inji Magariya. Wani ɗan akwati ne, bai fi rabin buhun gero ba. A zuba kaki a cikin 'yar robarsa a rufe, kafin awa biyu ya faɗi ko akwai tarin fuka. Da a nan ya tsaya da sauƙi, Malam Illa ma yana faɗin haka. Amma injin yana faɗin abin da ido ba ya gani. Akwai irin tarin da ya riƙa, wanda babban maganin nan mai sa fitsari ja ba ya kashe shi, ko mutum ya sha wata shida cur. A madubi, ƙwayar da ke jin magani da wadda ta gagare shi kamarsu ɗaya, kamar an tsaga kara. Injin kaɗai ke rarrabe su. Aka tura Habibu Yamai ya koyo sarrafa shi, ya dawo aka damƙa masa ɗaki mai sanyi.

Daga nan doka ta sauko wa ƙananan labo irin na Malam Illa: duk wanda ya taɓa shan maganin tarin fuka ya dawo da tari, da duk wanda yake kan magani amma kakinsa bai washe ba, a sa kwalbarsa a akwatin sanyi, ran Alhamis Sabo mai moto, wato babur, ya kai Magariya.

Ranar da majo, wato shugaban ɗakin shan maganin, ya karanta masa takardar, Malam Illa ya tashi ya fita. Ya koma ɗakinsa ya goge madubinsa sau biyu, alhali babu abin da ya taɓa shi. Kyashi ya shige shi tun daga ranar, kuma bai fita ba. Kan ka ce kwabo, bakin mutane ya juya. Masu tari suka fara cewa, "Mu dai a kai namu wajen Habibu." A majalisar ƙofar masallaci wani ya ce ai ɗan Shatu yanzu inji ke masa magana. Wani tsoho, da zuciya ɗaya, ya dafa Malam Illa ya ce, "Ka ga albarkar koyarwa, ɗalibi ya wuce malaminsa." Malam Illa ya yi murmushin yaƙe ya ce alhamdu lillahi, ya koma gida ya kasa cin abincin rana.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Habibu bai canza ba. Da ya yi girman kai da Malam Illa ya samu abin kamawa. Ina! In ya zo gari sai ya fara zuwa labo, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye goro. Malam Illa ya dubi ƙeyarsa yana jin kamar ya maƙure shi, sannan ya sa masa albarka.

Saboda haka kwalaben Tudun Kanya ba sa zuwa Magariya sai in majo ya tsaya a kansa. Sabo ya zo ran Alhamis ya yi hon, Malam Illa ya leƙo ta taga ya ce, "Yau babu." A ransa yana cewa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, balle wani akwati da in aka ɗauke wuta ya zama kujera.

Bayan 'yan shekaru a haka, a ƙarshen wata shekara aka kira taro a Magariya. Madam Balkisu, mai kula da aikin tarin fuka na yankin, ta sa Habibu ya rataya taswirar Magariya da Dungas a bango. Duk inda aka samu tarin da ya gagari magani an ɗiga masa jan tawada. Ɗigon sun fi yawa a garuruwan kasuwa da bakin iyaka, inda mutum kan fara magani a nan, ya tsallaka ci-rani ya watsar, ya sayi 'yan ƙwayoyi a kanti ya haɗiya. Habibu yana bayani ana gyaɗa kai, ana rubutawa. Malam Illa ya duba wajen Tudun Kanya ya ga fari tas, sai ya gyara zama ya ɗaga jan yatsansa.

"Mu dai namu yankin lafiya lau," in ji shi. "Wasu ana tafa musu don sun tara cuta, mu da muka hana ta ba a ko dube mu ba."

Madam Balkisu ta cire tabarau ta dube shi. "Malam Illa, farin taswira iri biyu ne. Akwai inda aka bincika ba a samu ba, akwai inda ba a bincika ba. Kwalba nawa ka aiko bana?"

"Huɗu."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Sai Habibu ya yi sauri ya ce, "Madam, hanyar Guci yashi ne, moto na shan wahala ƙwarai, ba laifin Malam ba ne." Wannan ceton ya fi wa Malam Illa zafi fiye da tambayar. Yau shi ne yaron da ya koya wa wanke gilashi ke rufa wa asiri a gaban jama'a!

Ana nan, bayan an gama girbin gero, sai ga Shatu a ƙofar labo, ta rame, tana tari a bakin mayafi.

Ga wanda bai san ƙasar ba, zai ce macen da ɗanta ke riƙe da injin Magariya me ya kawo ta nan? To, Habibu ɗan fari ne. Shatu tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta cin abinci yana kallo, in ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska ta amsa a taƙaice kamar mai amsa wa suruki. In dole ta ambace shi sai ta ce "mutumin Magariya". Macen da take wannan kunyar ce za ta tofa kaki a kwalba a miƙa wa ɗanta ya buɗe? Ta gwammace tarin ya kashe ta.

"Malam Illa, wajenka na zo," ta ce. "Ka duba ni kai kaɗai. Kar ka bari mutumin Magariya ya ga ƙazantata."

Wani daɗi ya ratsa Malam Illa tun daga ƙafa har ka. Gari duk ya koma wajen Habibu, amma ga uwar Habibu a ƙofarsa! Ya karɓi kwalbar, ya shafa, ya rina, ya leƙa. Ƙwayoyin na nan birjik.

Kuma ya san abin da ba kowa ya sani ba. Shekara huɗu baya, lokacin Habibu na Yamai, shi ya duba wa Shatu wannan tarin, ta roƙe shi ya rufa mata asiri. Ta sha magani wata uku, ta ji sauƙi, 'yarta ta haihu a ƙetaren iyaka ta tafi zaman jego, ba ta ƙara waiwayar maganin ba. Irin kwalbar da doka ta ce a tura ke nan, babu ko tantama. Majon da ke nan a lokacin an canza masa wuri, sabon bai san labarin ba. Da ya tambayi Shatu ko ta taɓa shan maganin tarin fuka, ta sunkuyar da kai, sai Malam Illa ya amsa mata: "Bar ta, Majo, na san ta." Bai yi ƙarya ba, in ji shi da zuciyarsa. Aka rubuta ta a sabuwar kamuwa, aka ɗora ta kan maganin wata shida.

Ran Alhamis Sabo ya yi hon. Malam Illa ya leƙo ya ce yau babu.

Ba zan ce bai kula da ita ba. Kullum da safe shi da kansa yake taka wa har gidanta ya tsaya ta haɗiyi ƙwayoyin a gabansa. Yana so ta warke, so na gaskiya. Amma yana so ta warke a hannunsa, ya samu ranar da zai ce a majalisa, "Uwar mai inji ma ido ne ya warkar da ita." A gidan Shatu akwai ƙanen Habibu da matarsa da ɗansu, da wata tsohuwar gwaggo, da Nabila, 'yar Habibu ta fari, wadda aka kawo wa kakarta tun yaye. Ita Nabila ɗaki ɗaya suke kwana da Shatu.

Labari ya kai wa Habibu, ya zo. Uwar ta amsa gaisuwarsa daga bayan zana, tana danne tari har ya fita. Ya wuce labo ya durƙusa.

"Malam, yaya jikin Inna?"

"Idona na kanta."

Wata biyu suka cika, lokacin sake dubawa. Malam Illa ya leƙa madubi, ya ga ƙwayoyin ba su tafi ba. Ya daɗe a sunkuye. Ya san akan ga matattun ƙwayoyi a wata na biyu, ya taɓa gani sau da yawa, sai ya kama wannan ya riƙe gam. Da la'asar salularsa ta yi ƙara, Habibu ne. Bayan doguwar gaisuwa, yaron ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Malam, na ce ko za a aiko mana da kakin, ko da sau ɗaya ne, don a ƙara samun natsuwa."

"Wato idona ya tsufa ke nan, Habibu?"

"Subhanallahi! Malam, ka yafe ni, ba haka nake nufi ba."

"Ita da bakinta ta ce kar ka gani. Ko in karya mata alkawari?"

Habibu ya yi ta ba da haƙuri har aka kashe waya. Bai ƙara tambaya ba. Uwa ta rufe masa ƙofa da kunya, malami ya rufe masa da girma, ta ina zai shiga?

Shatu ta daina tuya. Daga baya ta daina fitowa tsakar gida. Zoben hannunta ya fara zamewa, ta cire ta ɗaura a bakin zane. In Malam Illa ya zo da safe sai ta ce, "Da sauƙi, Malam," shi ma ya ce da sauƙi, kowa na taya kowa. A wata na biyar ya shafa kakinta a gilashi, ya ga jini a ciki tun kafin ya rina. Da ya leƙa, ƙwayoyin sun fi na ranar farko yawa, sun taru cunkus. Ya sake yin wani gilashin, ya sake. Idon da bai taɓa yin kuskure ba bai yi ba yau ma, ya nuna masa abin da ke nan ƙarara.

Ranar Talata ce, bai jira Alhamis ba. Ya zauna ya cika takarda da hannunsa, ya rubuta komai, har da maganin shekara huɗu baya. Ya sa kwalbar a akwatin sanyi, ya hau bayan kabu-kabu yana rungume da shi, yashi na jefa su hagu da dama har suka hau kwalta.

Habibu na ganinsa ya miƙe, ya durƙusa, ya jawo masa kujerarsa. Ya karɓi akwatin, ya ɗauki takardar, ya karanta sunan. Ya sa safar hannu ya buɗe kwalbar, ya haɗa kakin da ruwan magani, ya girgiza, ya jira, ya ɗiga a robar, ya rufe injin. Malam Illa na kallon hannuwan, babu rawa babu gaggawa, ya ce a ransa wannan dai koyarwata ce.

Suka zauna jira. Kuma ga abin kunyar da Malam Illa bai taɓa gaya wa kowa ba: a cikin awa biyun nan, yana zaune a ɗaki mai sanyi, ran Shatu na rataye, ya kama kansa yana roƙon Allah ya sa injin ya ce maganin na aiki. Rabin roƙon don Shatu ne, rabi don kar akwatin ya ci nasara a kansa. Ya yi istigfari, zuciyar ta sake komawa.

Sakamako ya fito. Habibu ya dubi allon, ya buga takardar, ya miƙa masa da hannu biyu. Tarin ya gagari magani. Wata biyar ke nan tana haɗiyar abin da ba ya yi mata komai.

"Malam," in ji Habibu, idonsa na ƙasa, "na ga an rubuta ta taɓa shan magani shekara huɗu da suka wuce."

"Ta taɓa."

"Ka sani?"

"Ni na duba ta."

Habibu ya gyaɗa kai a hankali. Ya cire safar hannun ya jefa a kwandon shara, ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa, sannan ya ɗauki waya ya kira Madam Balkisu don a shirya gado a Damagaram, inda ake jinyar irin wannan tarin.

Shatu ta ƙi shiga mota ɗaya da ɗanta, sai da Malam Illa ya lallashe ta, aka sa Habibu a gaba kusa da direba ita a baya da 'yarta. A Damagaram aka ɗora ta kan maganin da ya dace. Likitan ya ɗaga hoton ƙirjinta ya duba, ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma huhun ya riga ya cinye, da ma an zo da wuri. Kwana goma sha tara ta yi.

Ranar sadakar uku, ƙofar gidan ta cika. Da Malam Illa ya iso, Habibu ya tashi daga kan tabarmarsa ya ba shi, kamar kullum. Liman ya yi addu'a. Sai ƙanen Habibu ya ce jama'a su taya su gode wa Malam Mai Madubi, wanda wata biyar bai taɓa fashin zuwa ba ta magani da hannunsa ba, abin da ko ɗan cikinta bai yi ba. Aka yi ta sa masa albarka, tsofaffi na miƙo hannu. Malam Illa ya saci kallon Habibu, ya ga shi ma ya ɗaga hannu yana cewa amin. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Da ya tashi tafiya Habibu ya biyo shi rakiya. Suka wuce rumbuna, suka kai gindin wata bishiyar bedi inda babu kowa. Habibu ya tsaya, ya zaro wata baƙar leda daga aljihun rigarsa. Kwalabe ne sababbi guda biyar, kowace an rubuta mata suna.

"Mutanen gidan su biyar ne, Malam. Nabila ta kwana goma tana tari, jikinta da zafi."

Malam Illa ya buɗe baki zai ce gobe da sassafe zai shafa su a gilashi, sai Habibu ya riga shi, muryarsa a ƙasa, cikin ladabin da bai taɓa fasawa ba.

"Don Allah kar ka duba. Ka aiko kawai."

Malam Illa ya miƙa hannu biyu ya karɓa.